Ina Mai Son Barin Giya Zai Dosa a Boɗinga da Shagari?

 

Sharhinmu na yau a kan wani mutum ne da kusan kowannenmu ya san irinsa, amma ba mai son a ce ɗan gidansu ne. Mutum ne da giya ta kama, ya sha har ya gaji da sha, ya rantse ya bari ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya koma. Yau ya wayi gari yana son rabuwa da ita da gaske. Idan a Boɗinga yake, ko a Shagari, ko a wani ƙauye tsakanin Sifawa da Kajiji, ina zai dosa? Wa zai zauna da shi wanda ya san abin da yake ji a jikinsa?

Na san akwai mai saurare da ransa ya riga ya ɓaci. Zai ce, giya a Boɗinga? Ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙasar da ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna? Giya a Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari? Zai ƙara da cewa tun shekarar 2000 jihar Sakkwato ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, aka rufe gidajen giya na fili. Duk wannan gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Mafi yawan mutanen waɗannan garuruwa har su koma ga Allah ba su taɓa sanin ɗanɗanonta ba. Sai dai rufe mashaya bai hana ta shigowa ba. Babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega ta ratsa garuruwan nan biyu, motoci na wucewa dare da rana. Yaranmu suna tafiya cin rani Legas da Ibadan da Fatakwal, wasu su dawo da kuɗin aure, wasu su dawo da abin da ba su tafi da shi ba. Giyar yanzu kuma ba ta bukatar babbar kwalba. Tana zuwa a 'yar leda da za ta shige aljihun 'yar shara, ko a ƙaramar roba mai ɗaci da ake cewa maganin basir ne ko na ciwon baya. Wani ma bai san giya ya fara sha ba sai da ta riga ta zauna masa. Wannan ƙaramar leda ce ta sa hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta tashi a farkon 2024 da niyyar hana sayar da giya a leda da ƙananan kwalabe, masu kamfanoni suka yi ta jan maganar.

Gaskiya ne a wajenmu ƙwaya da wiwi da kodin sun fi giya yawa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a shekara guda, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Wannan adadi bai ma haɗa da giya da taba ba. Amma a ganina mai shan giya ya fi kowa ɓuya a cikinmu. Ɗan ƙwaya, ana cewa yaro ne ya lalace, a tausaya wa iyayensa. Mashayin giya kuwa sau da yawa magidanci ne, direba ne, ma'aikaci ne, mai 'ya'ya mata da suka isa aure. Ya san ranar da maganar ta fita, ba shi kaɗai za ta shafa ba. Saboda haka zai yi shekaru yana tauna citta da kanumfari kafin ya shiga gida, yana tsayawa a ƙarshen sahu, yana kawar da baki idan zai gaisa da surukinsa.

Mu dube shi da kyau da safe, a teburin mai shayi. An miƙo masa kofi, ya sa hannu biyu ya karɓa, domin hannu ɗaya rawa yake yi. Shayin yana ɗiga a kan yatsunsa. Ga sanyin hunturu, shi kuwa goshinsa gumi ne. Wani ya ce, "Malam, lafiya dai?" Ya ce, "Shawara ce ke damuna." Ba shawara ba ce. Jikinsa ne ke neman abin da ya saba da shi, kuma shi kansa ya san da ya kurɓi kaɗan hannun zai tsaya cik. Wanda ya kai wannan matsayi ya wuce wanda za a ce wa "ka ji tsoron Allah ka bari" a tashi a tafi. Tsoron Allah yana da shi, shi ne ma yake hana shi barci. Cuta ce ta haɗu da zunubi, kuma kowanne yana da maganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2024, ta ce kimanin mutum miliyan 209 a duniya sun kai matsayin da jikinsu ya dogara da giya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai.

Kafin in zo kan maganar zama da 'yan'uwa, akwai gargaɗin da nake roƙon kowa ya riƙe, musamman iyaye da matan aure. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, kada ya yanke ta dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki, kuma kada a kulle shi a ce sai ta fita daga jikinsa. Daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, rawar jiki da gumi da amai da faɗuwar gaba kan fara. A cikin kwana biyun farko wasu kan faɗi suna jijjiga. Zuwa kwana na biyu ko na uku, wasu hankalinsu kan gushe, su riƙa ganin abubuwan da babu su, suna kaɗe ƙwari daga jikinsu, ga zazzaɓi, zuciya na bugawa da sauri. A gidajenmu idan aka ga haka sai a ce iska ce ta taɓa shi, a kira mai ruƙiyya. A yi addu'a, ba wanda ya hana, amma a sa shi a mota a kai shi asibiti a wannan daren, domin wannan hali yana kisa, kuma likitoci suna da maganin da ke kwantar da shi cikin 'yan kwanaki. A gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha da yawansa. A kuma nemi a gwada hantarsa, domin ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasar nan, kuma idan ya haɗu da giya hantar ba ta daɗewa.

To an kai shi asibiti, an sallame shi, hannu ya daina rawa, ya dawo gida. Iyali sun yi hamdala, suna ganin an gama. A nan ne ainihin aikin yake farawa. Ya dawo tashar da ya bari, majalisar da ya bari, bashin da ya bari. Abokan da yake sha da su suna nan, su ne kuma kaɗai ba sa yi masa kallon ƙyama. Mutanen kirki sun ja jiki, na banza sun buɗe hannu. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan muna son ya bar waccan majalisa, sai mun samar masa wata, kuma wadda zai iya faɗin gaskiya a cikinta.

Wannan tunani ne ya haifar da ƙungiyar da ake kira Alcoholics Anonymous, wato mashayan da ke taimakon juna ba tare da bayyana sunayensu ba. A 1935, wani ɗan kasuwar hannun jari daga New York mai suna Bill Wilson ya je garin Akron a jihar Ohio ta Amurka kan wata harka, harkar ta rushe. Watanni kaɗan ke nan da barinsa giya. Yana tsaye a otal, ga mashaya a gefe, ya ji zuciyarsa tana jan shi. Maimakon ya shiga, sai ya kama buga waya yana neman a haɗa shi da wani mashayi da zai yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya yarda ya ba shi minti 15, suka ɓuge da hira ta sa'o'i. Abin da ya kama zuciyar likitan shi ne baƙon bai zo yi masa wa'azi ba. Ya zo ne domin shi ma yana tsoron komawa, kuma ya gane cewa magana da mai irin ciwonsa ita ce take riƙe shi. Ranar 10 ga Yuni, 1935, likitan ya yi shansa na ƙarshe, kuma daga wannan rana ake ƙirga tarihin ƙungiyar. Mutum biyu ne suka fara ta.

Ba labari ne kawai mai daɗin ji ba, an auna shi. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitoci, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Aka samu cewa cikin waɗanda ma'aikatan lafiya suka shigar da su irin wannan zama bisa tsari, kashi 42 cikin 100 sun cika shekara guda ba su kurɓa ba, alhali cikin waɗanda aka bi da su ta wasu hanyoyin ba da shawara, kashi 35 ne. Ku lura, ko a nan fiye da rabi sun zame a cikin shekarar. Abin ba sihiri ba ne. Amma hanya ce da ba ta cin kuɗi, kuma ba ta ƙarewa ranar da aka sallami mutum daga asibiti.

Wani zai ce wannan abin Turawa ne, ya fito daga coci. Gaskiya ne waɗanda suka fara shi Kiristoci ne. Amma Musulmi sun ɗauke shi sun gyara shi ya dace da su. A birnin Baltimore na Amurka, a 1989, wasu Musulmi suka kafa Millati Islami a masallaci, suka gina matakan barin shaye-shaye a kan tauhidi da tuba da salla. A Iran, ƙungiyar masu barin ƙwaya ta irin wannan tsari, Narcotics Anonymous, tana yin dubban zama kowane mako, har ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. A Zanzibar, tsibirin Musulmi a gabashin Afirka, tun 2009 waɗanda suka bar hodar heroin suka fara buɗe gidajen da su da kansu suke kula da masu son bari. Kuma idan muka duba abin da matakan suka ƙunsa, mutum ya yarda abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji, ya yi wa kansa hisabi, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta ya mayar musu da haƙƙinsu, ya taimaki wani, wane ɗalibin zaure ne zai ce bai taɓa jin wannan a babin tuba ba?

Akwai wata hujja da ta fi wannan nauyi, kuma ba na son in tsallake ta, domin masu kawo ta mutanen kirki ne. Suna cewa addini ya hana mutum tona wa kansa asiri. Allah ya rufa maka asiri da dare, ka wayi gari kana ba da labari? Hadisin da suke nufi ingantacce ne. Amma a fahimtata, abin da aka zarga shi ne mai ba da labarin saɓonsa don alfahari ko rashin kunya, wanda ke zama a majalisa yana dariya yana cewa jiya ya yi kaza. Wanda ya je wurin malami ya ce "Allah gafarta Malam, ga halin da nake ciki, yaya zan yi?" ba wanda ya taɓa cewa ya yi laifi. Wanda ya buɗe wa likita jikinsa don a yi masa magani bai yi tsiraici ba. Mutum biyar da suka rufe ƙofa, kowa yana kuka da halinsa, suna ƙarfafa juna a kan barin abin da Allah ya haramta, sun fi kusa da taimakekeniya a kan alheri. Ina roƙon malamanmu na Sakkwato, waɗanda suka fi ni sanin wannan babi nesa ba kusa ba, su yi wa jama'a bayaninsa a fili a wuraren karatu.

Su kuma tuna mana yadda haramcin ya sauka. Bai sauka rana ɗaya ba. An fara da bayyana cewa cutarwarta ta fi amfaninta a Suratul Baƙara, aka hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, sannan hani na ƙarshe ya zo a Suratul Ma'ida. Haramun ce yau, babu ja a kan wannan. Amma Wanda ya halicci ɗan Adam ya san yadda sabo yake riƙe shi. Akwai kuma sahabin nan da Bukhari ya kawo labarinsa, wanda aka sha kawowa gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi saboda yawan kawo shi da ake yi, Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. An hukunta shi, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Mu a yau mun fi ƙwarewa a korar.

Yanzu, ɗan'uwa mai saurare, idan kai ne, ga yadda za ka nema. Irin wannan zama ba a kafa masa allo a bakin titi, ba a shelarsa a kasuwa, saboda haka kada ka ce don ba ka gani ba babu mai irin damuwarka. Ƙofa ta farko ita ce ta ma'aikatan lafiya. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware yana duba masu matsalar shaye-shaye, haka ma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Sakkwato. Na san sunan Kware kaɗai yana sa wasu ja da baya, a ce ai wurin mahaukata ne. Ba haka ba ne. Mutane da yawa suna zuwa da ƙafarsu, a duba su, su koma gida a ranar. Na kuma san Kware tana arewa da birni a kan hanyar Illela, mu kuwa muna kudu, sai ka shiga mota biyu ka ratsa gari, ga tsadar mai. Duk da haka kuɗin motar bai kai abin da leda take ci maka a wata ba. Idan ka je, kada ka tsaya a karɓar magani. Ka tambayi likita ko nas ko jami'in walwala kai tsaye: "Akwai zaman da masu irin matsalata suke yi? Akwai wanda ya bari, da zai yarda ku haɗa ni da shi?" Su ne suka san waɗanda suka warke, kuma su ne za su iya neman izininsu ba tare da tona asirin kowa ba.

Ƙofa ta biyu waya ce. Hukumar NDLEA ta buɗe layin kira kyauta a 2022, ana amsawa dare da rana, ana iya magana da Hausa, kuma masu ba da shawara ne ke ɗauka, ba masu kame ba. Lambar ita ce 0800 1020 3040. Aikin hukumar ya fi karkata ga ƙwayoyi, amma da yawan masu shan giya a wajenmu suna haɗawa da tiramol ko wiwi, kuma ko ba ka haɗawa za su iya nuna maka inda za ka nufa. Mai jin Turanci ko Larabci da ke da babbar waya yana iya shiga zaman da ake yi ta intanet, inda ba wanda ya san fuskarsa. Yana da amfani, musamman da tsakar dare lokacin da sha'awar ta taso. Amma na fi son ka samu mutum mai jini da tsoka wanda zai lura idan bai gan ka ba.

Akwai ƙofar da nake roƙon iyaye kada su bi, ita ce ta gidan mari. Ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, da tabon bulala a baya. A watan da ya biyo baya aka sake samun irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna biyan kuɗi, don ba su ga wata hanya ba. Ba na zarginsu, na san abin da ke kai uwa ga haka. Amma mari yana riƙe ƙafa ne kawai, ranar da aka kwance shi mutum yakan fito da ƙiyayya a kan ciwon da ya shiga da shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya.

To idan ka tambaya aka ce babu wani zama kusa da kai fa? Sai ka tuna mutum biyu ne suka fara a Akron. Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Ɗaki guda mai ƙofa, tabarma biyu, butar shayi, awa ɗaya a mako, a rana ɗaya da lokaci ɗaya da ba ya canjawa, ko da mutum biyu ne suka zo. A shigo, kowa ya kashe wayarsa ya ajiye a faranti a tsakiya, don kada wani ya ji tsoron ana naɗar muryarsa. A buɗe da addu'a. Sai a zaga. Wannan ya ce, "Ni yau kwana 40, amma ranar Talata da aka biya ni kuɗin lodi na kai har bakin wurin, na tsaya, na juyo." Ba mai katse shi, ba mai ce masa "ai da ka yi kaza". Na kusa da shi ya ce, "Ni na zame ranar Juma'a. Yau kwana biyu." Ba mai zare masa ido. A ce masa, "Sannu da dawowa, ɗan'uwa." Wanda bai shirya magana ba ya yi shiru ya saurara, shi ma ya samu rabonsa. Tsarin kamar adashi ne: kowa yana zubawa, kowa kuma ranar ɗaukarsa tana zuwa. Kafin a tashi, wanda ya daɗe da bari ya ba sabon zuwa lambarsa, ya ce masa ko ƙarfe biyun dare ne ya kira kafin ya kurɓa, ba bayan ya kurɓa ba.

Abubuwan da ke kashe irin wannan zama sanannu ne. Kuɗi na farko. Masu wannan tsari a duniya ba sa karɓar gudummawa daga waje, 'yan kuɗin shayi su suke haɗawa, kuma ina ganin hikimar haka ta fi bayyana a wajenmu, inda da an ji ƙungiya sai a fara maganar shugaba da ma'aji da zuwa gaida ɗan siyasa. Kada a shigo da gardamar jam'iyya, kada a shigo da ta Izala da ɗariƙa. Kada a bar mai tallar magani ya mayar da wurin kasuwarsa. Wanda likita ya ɗora a kan magani, kada wani ya ce masa ya daina. Idan maƙwabcinmu Kirista, malamin makaranta ko ɗan kasuwa ko ɗan bautar ƙasa, ya zo da irin wannan ciwo, a ba shi wuri ya zauna.

Babbar matsalarmu ita ce ƙanƙantar gari. A Legas mutum zai iya ɓoye sunansa. A Shagari ko Dingyaɗi ko Dandin Mahe, kafin ka faɗi sunanka an san kakanka. Saboda haka abin da zai riƙe zaman shi ne amana: abin da aka ji a ɗakin ya mutu a ɗakin, ko matarka ba za ta ji ba. Kuma babu laifi mutumin Shagari ya zo zaman Boɗinga, na Boɗinga ya tafi Yabo ko cikin Sakkwato, inda idon sani ya yi ƙaranci. Wurin da ya fi dacewa a ganina shi ne harabar asibiti, domin wanda aka gani yana shiga asibiti ba a tambayarsa dalili.

Akwai kuma tsoron hukuma, kuma tsoro ne mai dalili. A mazhabarmu ta Malikiyya haddin mashayi bulala 80 ne, kuma iƙirari hujja ne a gaban alƙali. Mutumin da ya san haka zai yi tunani sau goma kafin ya buɗe baki a gaban mutum biyar. Ina kira ga hukumar Hisba da alƙalanmu da uwayen ƙasa su fito su faɗa da bakinsu cewa wanda ya zo neman magani da tuba ba abin farauta ba ne. A bi masu shigo da ita da masu sayar wa yara. Wanda ya kawo kansa don ya bari, a buɗe masa hanya.

Ban manta da mata ba. Binciken nan na 2018 ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya ɗaya mace ce, kuma mace ta fi namiji wahalar fitowa neman taimako. Ga kuma matar mashayi, wadda take ɓoye kuɗin cefane a cikin kwallar tufafi, take gaya wa yara "Babanku ba ya jin daɗi ne", take jin kunyar zuwa biki. Ita ma tana bukatar inda za ta sauke nauyin da ke ƙirjinta. A Amurka matan mashaya sun kafa nasu zaman tun 1951, ana kiransa Al-Anon. Mu kuwa ba sai mun je nesa neman misali ba. A ƙasar nan Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru tun ƙarni na 19, jajoji suna tattara matan ƙauyuka, mace tana karantar da mace, tana sauraron damuwarta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Malaman Islamiyyun matan aure da ungozomomi da ma'aikatan jinya mata za su iya buɗe irin wannan zama gobe, ba tare da kowa ya ɗaga gira ba.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da likitocin da ke riƙe da manyan asibitocin garuruwan nan, roƙona ƙarami ne. Ba gini nake nema ba, ba kwangila ba. Ku ware ɗaki ɗaya, yamma ɗaya a mako. Ku tura ma'aikaci ɗaya mai riƙon amana Kware ya koyi yadda ake gane alamun janyewar giya da yadda ake tarbar mai shaye-shaye ba tare da wulaƙanci ba. Shi zai riƙe makulli, ya buɗe, ya koma waje ya bar su su yi maganarsu. Limamanmu kuma, a huɗubar da za a yi a kan haramcin giya, a ƙara jimla ɗaya a ƙarshe, a faɗi inda mai son bari zai je da ranar da zai je, domin yana cikin sahu yana saurare.

Ga lambar nan kuma ga wanda bai samu rubutawa ba: 0800 1020 3040. Wanda jikinsa ke rawa da safe, ya fara da asibiti kafin komai.

A nan za mu dakata a sharhinmu na yau.